Daga Arewa zuwa Jidda: tafiyar shekaru da ta koma ta awa 5

Maniyyacin da zai tashi daga Sukukutane ta ƙasar Arewa a Nijar a yau, baya yake fara ba wa alƙibla. Makka tana gabas, ta ɗan jirkice arewa, shi kuwa sai ya gangaro kudu zuwa Dogondutsi, ya hau kwalta ya nausa yamma, ya ratsa Doso, ya tsallake Dallol Boso a Birnin Gaure, sannan ya shiga Yamai inda filin jirgin Diori Hamani yake. Daga Dogondutsi zuwa Yamai kaɗai kilomita 270 ne da 'yan kai, ban da guntun da ya baro tsakanin garinsu da bakin kwalta, wanda shi ya fi cin rai in ruwa ya sauka. In ya yi sammako, mota ba ta ɓaci ba, ba a riƙe su a shingen hanya ba, ya yi la'asar a babban birni.

Ranar da jirgi ya ɗaga da shi kuwa, sai a warware masa wannan tafiya gaba ɗaya. Wanda ya ɗora zare a jikin dunƙulalliyar taswirar duniya, baki ɗaya a Yamai ɗaya a Jidda, zai ga zaren ya ratsa arewacin ƙasar Arewa, ba nisa da Sukukutane. Wato abin da ya ci masa yini a ƙasa, jirgi zai maido shi kansa cikin wajen minti 20, yana kan hawa bai ma gama daidaita ba. Tsawon zaren nan kilomita 4,000 ne, ko 4,100 idan a Madina za a sauka. Jirgin zamani yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa in ya kai can ƙololuwa, saboda haka in babu kewaye babu yada zango, awa 5 ce da ɗan ɗoriya. Daga Sakkwato nisan ya ragu zuwa 3,700, daga Kano kuma 3,400.

Tsakanin Yamai da Paris ma kusan nisan ke nan, kilomita 3,900 da wani abu, sak arewa, don biranen biyu kusan a kan layi ɗaya suke. Sai dai hanyoyin biyu ba tarihinsu ɗaya ba. Ta arewa Turawa ne suka shata ta a sama don wasiƙunsu da ma'aikatansu. Ta gabas ƙafafun talakawa ne suka fara taka ta a ƙasa, jirgi ya zo daga baya ya bi sawunsu zango bayan zango.

A da can hajji na sarakuna ne da manyan malamai. Mansa Musa na Mali ya yi nasa a 1324, Askiya Muhammadu ya tashi daga Gawo a 1496, dukansu Sahara suka keta suka ɓulla Masar. Ga mutanen ƙasar Hausa hanyar ita ce Agadas, Gat, Murzuk, Alƙahira, sannan a shiga ayarin Masar a gangara Hijaz. Tafiya ce mai son raƙuma da dukiya da sanin mutane. Malam Jibrilu ɗan Umaru ya je ya dawo, amma almajirinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da begen Madina da ya yi ta yi, bai taka ƙasar ba har ya rasu a 1817. Haka ɗansa Muhammadu Bello. Alhaji Umaru Futi da ya ratso ta Sakkwato ya yi hajji a 1828, ya ɗebi shekaru kafin ya sake ganin ƙasar Hausa, kuma zuwan nan nasa yana cikin abin da ya tara masa jama'a da ya dawo.

Hanyar talaka ta buɗe sosai ne da zuwan Nasara, kuma gudu ne ya buɗe ta. Da Ingilishi suka shiga Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin gonaki da kasuwanni suna bin sa. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran suka ci gaba har Sudan, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sannar, a garin da har yau ake kira da sunansa. Tun daga nan mai tafiya gabas ya san akwai masu jin harshensa a gaba. Mulkin mallaka kuma, da duk muguntarsa, ya kashe yaƙe-yaƙen da suka tare hanya, musamman bayan mutuwar Rabe a Kusiri a 1900 da faɗuwar Wadai a 1909.

Ita Arewa a wannan lokaci wani hali take ciki. A watan Afrilu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta jefa yankin Dogondutsi da Matankari a ɓangaren Ingilishi, sai da aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906 don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga Yamai zuwa Damagaram. Hanyar nan ce ta mai da Dogondutsi bariki, ita ce kuma daga baya ta zama kwaltar da maniyyacin yau yake bi. Mafi yawan mazauna yankin, Arawa da Gubawa, a zamanin Azna ne, masu bori da tsafin kakanni, Musulunci yana hannun 'yan kasuwa da malamai da wasu gidajen sarauta. Bai game ƙauyuka ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20, bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan ya sa tarihin hajjin Arewa ya bambanta da na Kano ko Katsina: lokacin da sallar jam'i ta cika garuruwan Dallol Mawri, mota ta riga ta shigo, jirgi ma yana bakin ƙofa. Duk da haka haraji da aikin tilas da yunwar 1931 sun kori mutane da yawa daga yammacin Nijar zuwa ƙasar Ingilishi, kuma wanda ya isa Kano ya riga ya hau bakin hanyar gabas.

Hanyar kuwa sananniya ce. Daga Ƙonni a shiga Sakkwato ko a miƙe Maraɗi da Katsina, a haɗu a Kano. Daga Kano sai Barno, a tsallake Kusiri a shiga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a bi ta Ati zuwa Abeshe, a ƙetare iyaka a Adare a sauka Jinaina. Sannan Fashir, Ubayyid, Kartum, a ƙare a Sawakin bakin Bahar Maliya. Ayari mai jakuna da mata da yara ba ya wuce kilomita 25 zuwa 30 a yini, saboda haka ko ba a tsaya ko'ina ba, wata 6 ne ko fiye. Amma wa zai yi tafiyar ba tsayawa? Talaka ba da guzurin Makka yake fita ba, da guzurin gari na gaba yake fita.

Ga yadda abin yake kasancewa. Mai gida ya iso bayan garin Abeshe da iyalinsa ana gab da saukar ruwa, jaki ya rame, hatsi ya ƙare. Ya tambayi unguwar Hausawa, a kai shi gun sarkin zango. A nuna masa inda zai kafa bukka, a ara masa fili ya shuka gero. Kafin amfani ya nuna yana ɗinkin hula ko wanzanci ko yankan farce a kasuwa, in mai allo ne ya yi rubutun sha, uwargida tana tuyar ƙosai. Da kaka ya biya bashi, ya sayar da rarar hatsi, ya canza jaki, su jira ayari su ƙara gaba. Wani lokaci damina ɗaya ta isa, wani lokaci sai uku. Yaron da aka raɗa wa suna a Fashir, da ƙafarsa yake shiga Ubayyid. Shi ya sa mai niyyar hajjin ƙasa yake barin wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara, a raka shi bayan gari ana kuka, don tafiyar shekara 5 ko 7 ba abin mamaki ba ce, rashin dawowa ma haka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma a wannan hanya akwai dubbai da daɗewar ta cinye.

Sudan ce ta fi riƙe su. Dogo ya isa Ubayyid a 1912, wanda ya rage wa mai kuɗin tikiti wahala, amma a 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe gonakin audugar Jazira, Ingilishi suna neman hannu ido rufe. Maniyyata suka zama 'yan ƙodagon tsinkar auduga. Kuɗin yana shigowa, amma ba ya taruwa: ga ciyar da iyali, ga bashin mai gona, ga aurar da 'ya'ya. Ƙauyukan Hausawa suka tsiro a bakin magudanan ruwa, mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 1995. Abin da ya tarar shi ne jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda aka haifa a Jazira, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, ba su kuma taɓa ganin Makka ba, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, a kan hanya suke.

Wanda ya kuɓuta ya isa Sawakin, saura masa teku mai faɗin kusan kilomita 300. Nan ake tsare mutane a keɓe su saboda annoba, a yi musu lamba, a duba takardu, a karɓi kuɗin jirgin ruwa na zuwa da dawowa. Marasa takarda sukan biya masu jiragen filafilai su tsallakar da su da dare, a zube su a gaɓar da babu kowa, su ƙarasa da ƙafa cikin ƙishirwa. Wasu ma a hannun masu cinikin mutane suka ƙare, don ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Masu hali tun wuri suka kauce wa duk wannan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Nisan ya ninka, amma kwanakin sun ragu, ran mutum kuma yana hannunsa.

Shekarar 1925 ɗin da Jazira ta fara haɗiye maniyyata, ita ce kuma shekarar da jiragen sama suka fara ratsa sararin ƙasar Hausa da gaske. Na farko wani ɗan Beljiyam ne, Edmond Thieffry, da ya tashi daga Brussels ranar 12 ga Fabrairu zai je Kwango. Ya keto Sahara ya sauka Gawo, ya biyo ta Yamai da Damagaram da Fort-Lamy, kuma miƙaƙƙiyar hanya tsakanin Yamai da Damagaram ta kan Dogondutsi take bi. Bai isa Leopoldville ba sai 3 ga Afrilu. Kwana 51 ke nan, alhali zaman da ya yi a sama duka duka awa 75 ne. Sauran kwanakin a ƙasa suka tafi, wajen gyaran inji da jiran kayan gyara da neman mai da jiran iska ta lafa. Wannan tazara tsakanin awoyin sama da kwanakin tafiya ita ce gaskiyar sufurin jirgi tun ranar farko, kuma duk alhajin da ya taɓa kwana a sansani yana jiran a kira sunansa ya san ba ta gushe ba.

Na biyu shi ne wanda Kanawa suka riƙe. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jiragen sojan Ingila guda 3, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba a filin dawaki. Jirage ne na katako da zane, masu fukafukai hawa biyu, gudunsu bai kai kilomita 200 a awa ba. Abin lura shi ne inda suka yada zango: Kartum, Ubayyid, Fashir, Abeshe, Fort-Lamy, Maiduguri. Hanyar alhazai ce sak, an biyo ta daga gabas zuwa yamma. Ba kuwa tsautsayi ba ne. Jirgin wancan zamani kamar jaki yake, ba ya nisa sai ya nemi abin sha, kuma garuruwan da ke da rijiya da kasuwa da bariki su ne dai waɗanda ayari ya saba sauka. Abin da ke cin ma mai ƙafa shekaru, suka yi shi cikin kwana 6.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A watan Fabrairu 1935 kamfanin Sabena ya fara jigila tsakanin Beljiyam da Kwango ta Yamai, tafiyar Thieffry ta kwana 51 ta koma kwana 5 da rabi. A 1936 Imperial Airways ya haɗa Kartum da Kano, wasiƙa daga Landan ta riƙa isowa cikin kusan mako guda. Da yaƙin Hitila ya rufe Bahar Rum, Ingilishi suka koma sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Jinaina, Fashir, Kartum, har Masar. An fara a watan Satumba 1940, kuma jirage fiye da 5,000 suka bi ta nan. Yaƙin ne ya faɗaɗa filayen sauka, ya kafa rumbunan mai da na'urorin waya a duk tsawon hanyar. Maniyyacin da ke kora jakinsa tsakanin Ati da Abeshe a 1942 yana ɗaga kai ya ga garken jirage sun nufi inda ya nufa, babu ko ɗaya da zai ɗauke shi.

Bayan yaƙi 'yan kasuwar Kano suka ga kasuwa a wannan hanya. A ƙarshen shekarun 1940 mutane irin su Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka shiga harkar jigilar alhazai, da manyan motoci zuwa Sudan, daga baya kuma aka fara shatar jirage. Mota ta mai da tafiyar shekaru ta makonni ga wanda ya iya biya a dunƙule. Jirage masu farfela na lokacin, masu gudun kilomita 300 zuwa 350 a awa, suna bukatar wajen awa 10 a sama tsakanin Kano da Jidda, ban da saukar shan mai a hanya. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi hajjinsa a 1955, ya kuma mai da kula da alhazai aikin gwamnati. A ɓangaren Faransa, Nijar ta sami 'yanci a 1960, ta shiga cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique a Yawunde a 1961. Da jirage masu injin jet irin su DC-8 da Boeing 707 suka shigo a shekarun 1960, lissafin ya sauka inda yake har yau. Abin mamaki, shekara 60 ke nan ba a ƙara rage ko awa guda ba. Jiragen yanzu sun fi girma, sun fi tsimin mai, sun fi aminci, amma ba su fi na zamanin Shugaba Diori gudu ba.

Saurin ya zo da irin nasa makoki. Hanyar ƙasa ɗaya ɗaya take ɗauka, a binne mutum a gefen rijiya, labari ya iso gida bayan shekara. Ta sama kuwa a tashi ɗaya take yi. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda zai je Ikko ya karkata Kano saboda yanayi, ya faɗi wajen sauka ya kama wuta, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 da zai kawo alhazai Sakkwato ya tashi daga Jidda da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, suka fashe suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Matuƙa sun juyo za su sauka, ba su kai ba. Duka mutum 261 da ke ciki babu wanda ya fita. Ga mutanen Arewa, da Sakkwato ta fi musu Yamai kusa, ga auratayya ga cin kasuwa ɗaya, wannan ba labarin wata ƙasa ba ne.

A daidai lokacin da sama take buɗewa, ƙasa tana rufewa. Tawaye ya ɓarke a Cadi tun 1965, Njamena kanta ta zama fagen yaƙi a 1979, Darfur ta kama a 2003. Ƙasashe masu sabon 'yanci suka tsaurara iyaka, Saudiyya ta tsaurara biza. Tun 1988 aka koma raba kujeru bisa ƙa'idar mutum 1,000 cikin kowane miliyan na Musulmin ƙasa, rabon Nijar a 'yan shekarun nan bai kai 16,000 ba. A nan ne nake ganin masu yabon zamani suna yin tuya su manta da albasa. Gaskiya ne tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda da ba za ta ko fara mafarkin Abeshe ba, yau tana zuwa ta dawo cikin wata guda da 'yan kwanaki, ta tarar da awakinta. Wannan rahama ce babba, ba mai musu. Amma hajjin ƙasa, duk da azabarsa, ƙofa ce da ba ta tambayar aljihu. Mai ƙarfin jiki da haƙuri yana iya biyan tafiyarsa da guminsa, gari bayan gari. A 2023 kujera a Nijar ta haura sefa miliyan 3, a biya a dunƙule kafin ranar da aka yanke. Manomin gero a Sukukutane ko Dogonkiriya ko Ɗankasari zai lissafa shanu nawa ne wannan, ko damina nawa, ko ya zuba ido ga ɗan da ke ci-rani a Kwatano ko Ikko. Nisan bai tafi ko'ina ba. Daga ƙafa ya tashi ya koma aljihu da takarda.

Takardar ma tafiya ce. Fasfo, hoto, ɗaukar zanen yatsu, katin rigakafin shawara da sanƙarau, rajista a gun kamfanin jigila da hukumar alhazai ta COHO ta amince da shi, yawancinsu sai an taka zuwa birni, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Sannan a zo jiran jirgi. An yi walima a gida, an yi rakiya har tasha, 'ya'ya suna cewa, “Inna, ki sa mu a addu'a,” maƙwabta suna cewa, “Allah ya kai ku lafiya, ya sa karɓaɓɓe ne.” Ga Inna a Yamai a gidan ɗan ƙanenta, jaka a ɗaure, garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli a ƙulle, fasfo a rataye a wuya cikin 'yar jaka. Yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Kullum yaro yana duba waya ko sunanta ya fito a jirgi na uku ko na huɗu. In an yi sa'a kwana biyu ne, in ba a yi ba mako. A 2020 da 2021 ma, da annobar korona ta sa aka hana baƙi shiga, awa 5 ɗin nan ta gagari kowa, mai kuɗi da talaka, a 2022 kuma aka ce wanda ya haura shekara 65 ya dakata.

Cikin jirgin kansa saurin ya haifar da tambayoyin da malaman da ba su taɓa fuskanta ba. Mai tafiyar ƙasa yana isa miƙati ya sauka, ya yi wanka, ya ɗaura harami a natse. Jirgin da zai sauka Jidda kuwa yana cin kilomita 14 a minti guda, saboda haka ko dai a ɗaura tun daga Yamai, ko a jira sanarwar matuƙi a yi niyya a kujera, kuma malamai sun yi ta saɓani a kan ko Jidda kanta tana isar wa wanda ya zo ta sama. Sauka a Madina da fari ta ɗauke wa da yawa wannan damuwa, don daga can sai su ɗaura a Zul Hulaifa, su yi tafiyar kilomita 400 da ɗoriya a mota zuwa Makka. Ga kuma agogo. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2, wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe zai sauka wajen 5 na yamma a agogon can, azahar ta same shi a sama, la'asar tana neman kuɓuce masa. A dawowa kuma a mayar masa da awoyinsa biyu. Tsawon zuwa da na dawowa ma ba sa zama ɗaya, don iskar can sama tana tura jirgi ko ta tare shi, kuma da damina a sararin Sahel daga gabas take busowa.

Shekarar 2023 ta nuna cewa zaren nan na taswira ba kullum ake samun bin sa ba. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin soja da dakarun RSF, aka rufe sararin Sudan ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Jiragen Afirka ta Yamma suka koma kewayawa, aka ƙara awoyi, aka ƙara mai, kuɗin kuma ya biyo maniyyaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ma ta rufe nata sararin daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka yi ta zagaye ƙasar da yawancin fasinjojinsu ba su taɓa sanin suna ketawa ba. Cikin watan Satumban aka hana jiragen Faransa shiga, tafiyar Yamai zuwa Paris ta awa 5 da rabi ta koma ta yini guda ko fiye, ta Kasablanka ko Istanbul.

A watan Disamba na shekarar Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun RSF, a tsakiyar 2024 kuma faɗan ya gangara jihar Sannar inda garin Mai Wurno yake. Jama'ar yankin, har da jikokin waɗanda suka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji shekara 100 da suka wuce, suka watse zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan, inda gwamnatin ƙasar ta koma da zama a lokacin. Daga Bur Sudan zuwa Jidda bai kai kilomita 300 ba, jirgi yana yin sa cikin ƙasa da awa guda ga wanda yake da biza da kuɗin kujera.